Baba Muntari, Mai Zauren Mota da Firinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Muntari Alu a gidansa da ke Rano, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. An yi masa sutura bayan sallar azahar. Ya bar matarsa Hajiya Luba da 'ya'ya da jikoki. Ya kuma bar mu, 'yan zaurensa na waya, waɗanda yawancinmu ba mu haɗa jini da shi ba, amma duk Baba muke ce masa.

Ina ɗakin awo a ƙaramin asibitinmu na Unguwar Gai, inda nake aikin ungozoma, saƙon murya ya shigo daga lambarka, Baba. Har na fara murmushi, don na zaci amsa ce ka ba wani malamin makaranta da ya wuni jiya yana tambayar wace firinta ce ba ta shan tawada. Sai na ji muryar 'yarka Ikram tana sanar da mu rasuwarka. Na zauna a kan bencin masu jira. Matar da nake aunawa ce ta karɓi wayar daga hannuna, ta riƙe ni har na samu na yi salati.

Ga wanda bai san ka ba, kai direba ne. Ka daɗe kana ɗaukar fasinja da buhunan hatsi daga tashar Rano zuwa Kano, har direbobin hanyar suna cewa ramukan Bunkure ma sun san ka. Haɗarin da ka yi a shekarar 2016 ya taɓa maka ƙashin baya, ka koma kan keken guragu. Daga baya 'yan'uwa suka haɗa maka kwamfuta da firinta a zauren gidanka, kana buga wa mutane takardu. A nan ka buɗe mana guruf a WhatsApp, ka sa masa suna Zauren Mota da Na'ura. Abu uku ake tattaunawa a ciki: motocin hannu, ƙarfin sabis, da firinta. Duk wanda ya kawo siyasa ko gulma, sai mu ji muryarka cikin raha: "Wannan kaya ba na motarmu ba ne, a sauke shi a tasha." Ko lokacin zaɓe, da zaurukan waya suka yi ta tarwatsewa, namu bai girgiza ba.

Ni firinta ce ta kawo ni. A daminar 2019 aka turo ni Unguwar Gai, ina 'yar birni wadda ba ta taɓa kwana a ƙauye ba. Ban san kowa ba, kuma kunya ta hana ni shiga gidaje. Wata ƙungiya ta ba asibitinmu firinta, sai ta riƙa haɗiye takarda tana yamutsawa. Wani abokin aiki ya sa ni a zauren, na rubuta tambayata ina fargabar za a yi mini dariya, don a lokacin mata ba su da yawa a ciki. Ka ce, "'Yata, kara mata wayar ki danna, in ji kukanta." Na ɗauko maka sautin na tura. Ka ce, "Lafiyarta ƙalau, takardarki ce ta sha danshi. Shanya ta a rana kamar kuɓewa." Na shanya, ta buga. Daga ranar ka sa mini suna Likitar Firinta, sunan ya bi ni har gidan aure.

Ina kewar safiyoyin nan, Baba. A wancan lokaci ba a kafa ƙarfen sabis a kusa da mu ba, sai mutum ya yi farautar sabis kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Kai ka ƙirƙiro cewa kowa ya auna saurin intanet a inda yake, ya turo hoton. Na Rano su turo suna taƙama, na Kibiya su ce iska ce ta kwashe nasu, wani daga Fammar ya ce shi sai ya hau rumbu. Ka sa ni na zaga Unguwar Gai da waya a sama, yara suna kallona, har na gano cewa a gindin tsamiyar bayan makarantar firamare saƙo yake fita. A garin wannan yawo na fara gaisawa da matan gari, har aka fara kira na cin tuwo. Kullum da yamma in na tashi aiki, can nake zuwa in zauna a kan saiwar tsamiya, saƙonnin wuni su zubo gaba ɗaya, in yi ta saurare ina dariya ni kaɗai.

Yawancin dariyar kuma kai da Ishiyaku kuke jawo ta. Ishiyaku bakanike ne a Rano, abokinka tun kuna samari, kuma ba ku taɓa yarda da juna a kan mota ko ɗaya ba. In wani ya turo hoton motar da yake son saya, kai ka ce a duba ƙarƙashin kafet ko ta taɓa shan ruwa, shi ya ce a fara da hayaƙin salansa. Kai ka ce tsohuwar Fijo ce uwar motoci, shi ya ce ai gara mutum ya sayi jaki. Ba kullum kake dacewa ba. Akwai motar da ka yaba wa Malam Shitu na Tarai, ba ta yi nisa ba giyarta ta zube. Ka fito a zaure ka ce, "Jama'a, kunnena ya ci amanata, Ishiyaku ne da gaskiya. Amma kada ku gaya masa." Alhali yana ciki yana ji. Ka kuma matsa wa Ishiyaku sai da ya gyara ta.

Mutane da yawa suna ganin irin wannan hira ɓata lokaci ce. Ni na ga ranar da ta ceci rai, kuma saboda wannan rana nake wannan rubutu.

A watan Agustan 2021 ne, bayan azahar, an wuni ana ruwa. Aka kawo mini Fanta a amalanke daga wata ruga da ke bayan gari. Ta daɗe tana naƙuda a gida, jini ya ɓalle mata, idanunta sun yi fari fat. Da na duba ta na san aikin ya fi ƙarfina, sai babban asibitin Rano. Mota ɗaya ce a garin, ita ma ta tafi kasuwa. Ba ta yadda za a ɗora Fanta a babur. Na kira waya ta ƙi shiga. Na bar ta a hannun abokiyar aikina da surukarta, na ruga cikin ruwa ba ko takalmi zuwa gindin tsamiya. Ban san abin da na faɗa a saƙon ba, na dai san ina kuka.

Kafin in goge ruwan da ke fuskar wayar, amsarka ta shigo. Ban taɓa jin muryarka haka ba, ba wasa a cikinta ko kaɗan. Ka ce, "Salma, na ji. Koma wurinta, ki yi abin da aka koya miki. Mota tana zuwa. Kada ki sake fitowa." Ranar ce kaɗai ka kira ni da sunana.

Daga baya na saurari abin da ya biyo baya. Duk makon nan ana musu a zaure a kan wata tsohuwar mota ƙirar Sharon da wani ɗan kasuwa yake son saya, kana ta kushe ta. Don haka ka san cewa a ranar Ishiyaku yana Kibiya yana gwada ta. Ka ce masa, "Ishiyaku, bar cinikin nan. Cire kujerun baya, ka nemi katifa a gidan da ya fi kusa. Kada ka bi gajeriyar hanya, rafi ya kawo. Zagaya." Ishiyaku, wanda bai taɓa karɓar maganarka ba gardama ba, ya ce, "To, direba." Sannan ka juya kan sauran jama'a, ka ce duk wanda yake cikin Rano kuma yake da lafiya ya nufi asibiti, za a buƙaci jini. Lokacin da Ishiyaku ya kai mu asibitin, na tarar da mutane tsaye a baranda, jiƙe sharkaf, sun naɗe hannun riga. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Da suka yi magana na riƙa gane su: wannan shi ne mai hawa rumbu, wancan shi ne malamin da firintarsa take buga komai da shuɗi.

Fanta ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Washegari zaure ya cika da yabo, ana ta sa maka albarka. Sai da yamma ka ce, "Ku daina yabona. Da motar a garin take, watakila da yanzu ana shirin suna." Daga nan ka ɗaura ɗamarar sai Unguwar Gai ta samu motar ɗaukar marasa lafiya. Ka bi 'yan asalin garin da ke Kano da Legas da Fatakwal ɗaya bayan ɗaya. Da kuɗin suka haɗu, sai kuma ka zama kai ne matsalar. Duk motar da aka turo sai ka samo mata aibu. Wannan ƙasanta ya yi kusa da ƙasa, ba za ta iya hanyar damina ba. Waccan kayan gyaranta sai an aika Kano. Har dattawan gari suka fara ƙorafi, ni ma na yi maka magana. Ka ce, "'Yata, motar da za ta ɗauki mai naƙuda ba a saya mata 'da dama-dama'." Sai da rani ya zagayo aka samu wadda ta gamsar da kai, kuma a karon farko a tarihi, kai da Ishiyaku kuka yarda a kan mota ɗaya. Ranar da aka kawo ta, ka sa aka ɗora ka a kujerar direba a ƙofar gidanka. Ka riƙe sitiyari, ka sa aka tayar da inji, ka rufe ido kana saurare. Can ka buɗe ido ka ce, "Ku kai ta, tana da lafiya." Motar nan tana aiki har yau. Ban iya ƙirga matan da ta kai Rano ba.

Yanzu sabis ya wadata, ina karɓar saƙo daga kan gadona. Zauren ya cika da matasa masu sani, wasu ma sun karanci kwamfuta a jami'a, kuma kai da kanka kake tura musu tambayoyin da suka fi ƙarfinka, kana cewa zamani nasu ne. Amma ko su sukan jira su ji ta bakinka kafin a rufe magana. Tun ranar Talata ba wanda ya turo hoton mota. Ishiyaku ya fara saƙon murya sau da yawa, sai mu ji numfashinsa kawai, ya katse.

Na je gaisuwa ranar sadakar uku. Na shiga wurin Hajiya Luba, na durƙusa na ce, "Hajiya, ya haƙuri? Ni ce Salma ta Unguwar Gai." Ta kama hannuna ta ce, "Likitar Firinta. Ai na san muryarki, a ɗakin nan nake jin ku kullum." Na fara ba ta labarin alherin da ka yi mana, sai ta girgiza kai.

Ta ce, "'Yar nan, kowa ya shigo sai ya ce Malam ya taimake shi. Bari in gaya miki abin da ba ku sani ba. Bayan haɗarin nan, Malam ya juya fuskarsa bango. Ba ya magana, abinci sai da lallashi. In ya ji ƙarar mota a waje sai ya ja bargo ya rufe kai. Na yi kuka har na gaji. Rannan wani ya kira shi a waya yana tambaya a kan motar da zai saya. Ina daga tsakar gida na ji Malam yana faɗa, yana cewa kada ya kuskura ya saya. Na ajiye muciya na yi sujada. Ku kuna ganin tambaya kuke yi masa. Ni kuwa mijina kuke dawo mini da shi, kullum safiya."

Muka zauna riƙe da hannun juna har aka kira la'asar.

Ya Allah, ga bawanKa Muntari ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka sa ciwon da ya ɗauka shekara da shekaru ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tashe shi da ƙafafunsa a cikin salihan bayi. Ka sa duk ran da aka ceta ta dalilinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sada shi da Aljannar Firdausi.

A madadin 'yan Zauren Mota da Na'ura da jama'ar Unguwar Gai, ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Luba, da Ikram da 'yan'uwanta, da dangi na Rano da Kibiya, da direbobin tashar Rano, da amininsa Malam Ishiyaku. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.