Tambayar da Auta Bai Ji Ba

Auta ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfanin rarraba magunguna. Ofishinsa ba taga, sai fanka mai kuka da baƙin allo da farin rubutu ke gudu a kansa. Kullum da safe tsohuwar manhajar kamfanin sai ta tsare shi da tambayoyi: sunanka, kalmar sirri, a ci gaba, ka tabbata? Ya buga amsa, ya jira ta gaba. Da abin ya gundure shi, sai ya rubuta wata 'yar manhaja da za ta zauna a madadin yatsunsa, ta ga tambaya ta buga amsa. Sharaɗi guda ya kafa mata, wanda yake tinƙaho da shi: in tambaya ta zo da baƙuwar fuska, kada ta amsa, ta tsaya ta kira mutum.

Ya gaya wa abokan aiki don Baba ya yi, ya riƙa komawa gida da wuri. Har shi kansa ya yarda da hakan.

Baba tsohon tela ne, mantuwa ta fara cinsa. Auta kan zauna gefen katifarsa da la'asar, waya a hannu, yana leƙen yadda manhajarsa ke aiki, don ya fi iya kallon allo a kan kallon hannuwan da suka manta zare. Tambayoyin Baba ba sa canjawa.

"Ka ci abinci?"

"Eh, Baba."

"An rufe keken ɗinkin?"

"Eh, Baba."

Yayarsa takan ce, "Kai dai batir kawai ya rage a sa maka."

Wata la'asar ya fito daga ɗakin ya tarar da ita a bakin ƙofa, kwano a hannu, ba dariya.

"Ka ji abin da ya tambaye ka?"

"Keke mana, Yaya."

"Cewa ya yi, 'Auta, na ishe ku, ko?' Ka ce masa eh."

Ya koma da sauri ya durƙusa. "Baba, wallahi ba haka nake nufi ba."

Tsohon ya dube shi. "Nufin me?"

Tambayar ta riga ta ɓace wa Baba, amma amsar ta zauna masa. Daga ranar bai ƙara tambayar abinci ko keke ba. In an miƙa masa ruwa sai ya ce, "Ku yi haƙuri." Auta ya daina shiga da waya. Yakan zauna yana kallon bakin mahaifinsa, da amsa a shirye, har ranar da tsohon ya cika, aka naɗe katifar.

Manhajar tana nan tana aiki. Wani lokaci takan ci karo da baƙuwar tambaya, ta tsaya cak, ta kira shi. Sai ya jawo kujera, ya ɗora hannuwa a cinya, ya karanta tun daga farko har ƙarshe.