Kwalabe Biyu da Ƙirjin Surukina

Lokacin da nake aikin asibiti a Gusau, kafin a samu mulkin kai, maganin tarin fuka bai wadata ba, sai dabara. Likita kan soka allura tsakanin haƙarƙarin majinyaci, a tura iska ta danne huhun da ya lalace don ya huta. Iskar nan kuwa a hannuna take. Kwalabe ne biyu da ruwa a ciki, tiyon roba ya haɗa su. In na ɗaga ɗaya, ruwa ya gangara cikin ɗayar ya koro iska zuwa ƙirjin mutum. In na sauke ta ƙasa, ruwan ya dawo ya zuƙo iskar waje. A gefe akwai lanƙwasasshen gilashi mai jan ruwa da ke nuna ƙarfin matsin.

Likitan, wani Bature mai gurguwar Hausa, ya sha ja mini kunne cewa kada in dogara da gilashi kaɗai, in riƙa duban fuskar majinyaci. Iska in ta yi yawa sai ta matse zuciya, mutum ya cika kana tsaye a kansa.

Hannuna ya faɗa sosai, har na fara jin kaina. Sai ranar da aka kawo mahaifin matata daga Wonaka a kan jaki.

Mutumin nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ko daga nesa na hango shi, takalmi nake tuɓewa in durƙusa. Yau ga shi kwance ba riga, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Na roƙi a sauya ni, amma duk asibitin ba wanda ya iya kwalaben sai ni.

Allura ta shiga. Na ɗaga kwalba, na kafe idona a kan gilashi. Likita ya ce in tambaye shi yadda yake ji.

"Baba, ana tambaya yaya jikin?" na ce, kaina a sunkuye.

"Lahiya lau, ba komi."

Na ƙara ɗagawa. Aka sake tambaya, ya sake cewa lahiya lau, sai dai muryar ta shaƙe. Jan ruwan nan da ke hawa da sauka tare da numfashinsa ya tsaya cak. Na san abin da ya kamata in duba, amma wuyana ya ƙi ɗaguwa. Sai da na ji ƙafar gadon na karkarwa sannan na ɗago.

Leɓensa ya yi fari kamar toka. Ya cije shi har da jini don kada ya yi nishi a gaban mijin 'yarsa, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Na dire kwalbar a ƙasa, na daka wa likita tsawa. Ruwa ya fara komawa yana ƙugi. Ban san lokacin da na riƙe haɓar tsohon ba, ina cewa, "Baba, dube ni! Ja numfashi!" Ya dube ni. Da ƙyar ƙirjin ya soma ɗagawa.

Ya tashi, ya koma gida. Amma jiki kan shanye iskar, dole a ƙara ta duk bayan mako biyu. Ranar ta zo, na yini ina leƙen ƙofa, bai zo ba. Ta biyu ma haka. Na hau keke har Wonaka, na zauna a zaure. Bai fito ba, ƙanensa ya aiko.

"Ya ce a hwaɗa maka ya gode. Amma wanda yag ga hawayenai ba shi ƙara ganin ƙirjinai."

Na dawo na shiga koya wa wani abokin aikina kwalaben a gurguje. Hannunsa bai gama faɗawa ba aka zo mana da saƙon rasuwa.

Matata takan ce na yi wa babanta iyakar ƙoƙarina. Ban taɓa gaya mata abin da ya hana shi dawowa ba.