Takardar Ilu Maƙeri da Ba a Ƙunsa Ƙosai da Ita

Ranar da abin ya sami Ilu maƙeri a kasuwar Kuki, ƙarshen bazara ne a shekarar 1981. Tun da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, zufa na bin bayan kowa. Mutane suka yi ta ɗaga kai. Can wajen azahar hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauke ba. Dattawa suka ce gargaɗi ne, ruwa na tafe nan da sati uku.

Ilu mutumin Kurfi ne, ɗan maƙera jikan maƙera. Ubansa fartanya da lauje ya ƙera har ya koma ga Allah. Shi kuwa ya taso lokacin da garmar shanu ta fara yawa a ƙasar, sai ya koyi aikinta da kansa. Yakan sayi tsohon sifirin mota a Dutsin-Ma, ya gasa, ya buge, ya fitar da bakin garma, wato ƙarfen nan da ke tsaga ƙasa, wanda kan cinye duk damina ɗaya ko biyu. Da wannan yake riƙe gidansa. Aikin kuma na ɗan lokaci ne. In manoma ba su zo ba kafin ruwa ya sauka, shekarar ta wuce shi.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa a Dutsin-Ma, Alhaji Atiku, ya fara kawo bakin garma na kamfani mai koren fenti. Ya sayi a-kori-kura, ya ɗaura mata lasifika, yana bin kasuwannin ƙauye. Ilu bai damu da wannan ba, kasuwa ta kowa ce. Abin da ya sosa masa rai shi ne lasifikar ta riƙa faɗin cewa maƙerin Kurfi ya kashe wuta, ya tafi leburanci wajen aikin dam na Zobe. Manomin Dabawa ba zai ɗauro garma a jaki ya yi wannan tafiya ya tarar da ƙofa a rufe ba. Daminar da ta wuce, ko rabin mutanensa ba su zo ba. Shi da kansa ya faɗa wa matarsa Yahanasu cewa in bana ma haka ta kasance, ƙaryar za ta zama gaskiya, dole ya tafi Zoben.

"Amma ba da ƙafata zan kai kaina ba," in ji shi. "Sai sun ji daga bakina cewa wutata na ci."

Ya zauna ya lissafa mutanensa, manoma wajen ɗari biyu a warwatse cikin ƙauyuka, ya shiga neman hanya mai sauƙi da magana za ta kai gare su. Mai shela iyakarsa cikin gari, kuma wanda ke gona ba ya jin sa. Ya tambayi kuɗin sanarwa a rediyo, aka faɗa masa, ya ce ashe sai ya sayar da uwar maƙera. A gidan waya kan sarki sule ɗaya ne, ɗari biyu naira ashirin ke nan, ga shi manomi ba shi da akwatin wasiƙa, sai dai a aika ta hannun hedimasta, ta yi wata tana kwance a aljihun tebur.

Sai aka kwatanta masa Julius, wani Kirista mutumin wajen Kafanchan, mai ɗan shago kusa da tashar Dutsin-Ma. Yana buga wa mutane wasiƙa da tafireta, yana kuma da injin gurza, wanda in aka yi rubutu sau ɗaya a kan wata takarda mai kaki, aka juya hannun injin, sai ya yi ta fitar da irinta.

"Ɗari biyu naira uku, Malam Ilu," in ji Julius. "Takardar ma tawa ce."

"Akawu, wannan injin naka da haruffan boko kaɗai yake magana?"

"Ai su ne na zamani. Alhajin naka ma da su yake buga rasit."

Jin haka Ilu ya ce a buga. In Alhaji na da zamani, shi ma yana da shi. Julius ya buga cewa Ilu na nan Kurfi, maƙera na aiki. Ilu ya ɗauki damin takardun ya ba wani direban motar kasuwa da sule biyar, a kan ya riƙa rabawa duk inda ya tsaya.

Kwana huɗu bayan haka ne ya tafi kasuwar Kuki, ranar hadarin nan da bai zubar ba. Ya baza kayansa, har rana ta take ba wanda ya ce ya ga takarda. Yunwa ta kama shi, ya je wurin mai ƙosai ya sayi na sule. Ta yago takarda daga wani tuli da ke gefenta, ta ƙunsa masa. Bai iya karatun boko ba, amma ya san zanen garmar da Julius ya yi a sama. Mai ya riga ya jiƙa ta. Ya dubi tulin, duk nasa ne.

"Inna, ina kika samu waɗannan?"

"Direba ya ba ni, na ba shi ƙosai. Suna da kyau, ba su yagewa."

Motar Alhaji Atiku na tsaye kusa, shi ma ƙosan yake ci a cikin irin takardar. Ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya karanta da ƙarfi, mutane na dariya.

"Sarkin wuta, ashe ka zama ɗan jarida. To Allah ya saka, yau kowa ya goge hannu da kai. Ka tahi Zobe tun da sauran ƙarfinka, ana biya duk sati."

Ilu ya cinye ƙosansa tas. Sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Alhaji, kai dai ci gaba da kai ni Zobe. Ni ina Kurfi."

Washegari da la'asar yana zaune a tsakar gida, ya ba Yahanasu labari. Ita 'yar malami ce, ta tashi a gidan da ake karatu. Tana shara tana sauraro. Sai tsintsiyarta ta turo wata 'yar guntuwar takarda da iska ta kawo, mai rubutun ajami. Ta tsaya, ta sunkuya ta ɗauka, ta karkaɗe, ta duba abin da ke ciki, ta soke ta a tsagar bango sama da inda hannun yara ke kai. Ta ci gaba da shararta.

"Me aka rubuta a ciki?" in ji Ilu.

"Lissahin goro ne na wani."

"To don me kika ɗaga?"

Ta dube shi kamar ya tambayi don me ake wanke hannu. "Maigida, wa ke barin baƙaƙen nan a ƙasa? Sai ka duba tukuna, ko akwai sunan Allah."

Ilu ya daɗe yana kallon tsagar bangon. Kowa a ƙasar nan haka yake yi, shi ma haka yake yi tun yana yaro. Takardar boko ta ƙunshin gyaɗa ce da hura wuta. Ta ajami kuwa ba a takawa, ba a ƙunsa abinci da ita, kuma ba a ɗagawa sai an karanta. Manoman da yake nema, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, yawancinsu sun yi allo.

Da ya faɗa mata abin da ke ransa, sai ta jingine tsintsiya.

"Da sharaɗi biyu. Kada ka sa Bisimilla ko aya, don ba ka san inda za ta faɗi ba. Kuma kada ka sa ƙarya ko ta ƙwayar gero. In mutane sun ɗaga ta don girman baƙaƙen, suka tarar da zaƙin bakin talla, alhaki na kanka."

"Talla ba ƙarya, ɗiyar malam? Ai sai ta yi lami."

"To ta yi."

Ya koma wurin Julius. Julius ya ce tafiretarsa ba ta da waɗannan haruffa, amma ana iya rubutu da hannu a kan takardar kakin, in da alƙalamin ƙarfe mai santsin baki, nasa kuwa ya ɓace bayan zanen garmar nan. Ilu ya yi murmushi. Kashegari ya dawo da guda biyu da ya ƙera daga wayar ƙafar keke, ya ba Julius ɗaya. Ya zauna a bencin shagon, da yatsun nan nasa masu kanta, ya yi ta rubutu daga dama zuwa hagu har azahar. Ya ɓata takarda biyu. Julius ya ɗaura ta uku a inji a juye, ƙasa a sama.

"Akawu, ka kife ni."

"Malam Ilu, ni duk tafiyar tsutsa nake gani. Nuna mini kanta."

Abin da ya rubuta gajere ne. Ya ce shi Ilu yana Kurfi, bai je ko'ina ba. Ya faɗi kuɗin bakin garmarsa, da ranakun da zai zo kowace kasuwa. Sannan, saboda sharaɗin Yahanasu, ya ƙara da cewa na kamfani ya fi nasa jimiri a gonar tsakuwa, amma in ya karye sai dai a yar. Nasa rabin kuɗi ne, kuma ana sake buge shi har sau biyu.

Saura rabawa. Direba dai, Ilu ya gama da shi. Ya tuna da Ummaru wanzami, wanda kullum ke kawo masa asake ya wasa masa. Ba ƙauyen da Ummaru ba ya shiga a kan kekensa, daga suna zuwa ƙaho zuwa aski, kuma ya san kowane maigida da shanunsa.

"Nawa za ka ba ni?" in ji Ummaru.

"Ko anini. Amma muddin ina raye ba za ka sake biyan kuɗin wasa aska ba."

"Ka daɗe ko, maƙeri." Ya cusa takardun a zabira. "Mutum yana ƙarƙashin askata, ai ba ya ƙin karɓar abin da na miƙa mishi."

Kafin kwana goma jakuna suka fara tsayawa a ƙofar maƙera. Wani dattijo daga Dabawa ya zaro takardar daga cikin hularsa, ya ce a zauren mai unguwa aka karanta musu, an soke ɗaya a azara. Ya ce abin da ya kawo shi shi ne maganar tsakuwar nan, don bai taɓa jin mai kaya ya yabi na abokin gabarsa ba. Ruwan shuka ya sauka Ilu na da aikin da sai da ya kira ƙanensa ya riƙe masa zugazugi.

Alhaji Atiku ya tare shi a kasuwar Dutsin-Ma da takardar a hannu, a ninke da kyau.

"Wa ya ba ka izinin sa kayana a takardarka?"

"Wanda ya ba lasifikarka izinin kai ni Zobe. Akwai ƙarya a ciki, Alhaji? In akwai, yar da ita a ƙasa."

Alhaji ya dubi takardar, ya dubi mutanen da suka tsaya kallo, ya sa ta a aljihun gaba. Daga ranar lasifikar ba ta sake ambaton maƙerin Kurfi ba. Masu gonar tsakuwa kuma suka ci gaba da sayen na Alhaji.

Ilu ya yi ta fitar da takardar sau biyu a shekara, bazara da kaka, har Julius ya koma garinsu a 1989 da injinsa. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa ɗaukar kwanon kankare a Zobe ba.

Yanzu yana nan Kurfi, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Yahanasu ta rasu. Ɗansa Mahmuda ke riƙe da maƙerar, kuma wutar na ci.