Ranar da Muka Kai 'Ya'yan Kafitan Kallon Raƙumin Dawa

Ku da kuke raka baƙi yawon ganin ƙasa a yanzu, ku ba ni kunnuwanku. Cikin shekarun da na yi ina aikin tafinta akwai wata rana da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da muka kai 'ya'yan wani kafitan na sojan Faransa kallon raƙumin dawa. Da kaka ne, a shekarar 1925.

A lokacin ni ƙaramin tafinta ne a barikin Tanut. Ga wanda bai san tsarin ba, kumandan shi ne Banasaren da ke riƙe da Damargu. Ƙarƙashinsa akwai babban tafinta da ke zama da shi wurin shari'a, sai ni da ake turawa rangadi ƙauyuka, sai gardawa, wato dogaran bariki, waɗanda kafaran (kofur) ke shugabanta. Ranar da aka ɗauke ka aiki za a gaya maka cewa abin da aka faɗa shi za ka juya, ba ƙari ba ragi. Amma ba haka muke yi ba. In talaka ya yi magana mai zafi mukan sanyaya ta kafin ta kai kunnen Nasara, don kada a ɗaure shi. In Nasara ya yi zagi, mukan mai da shi faɗa.

Wata safiya kumandan ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce wani kafitan zai zo daga Damagaram da matarsa da 'ya'yansa biyu, waɗanda ba su daɗe da zuwa daga Faransa ba, kuma ni zan raka su.

Na ce, "Haraji ne ko ƙidaya, mon kumandan?"

Ya ce, "Babu ko ɗaya. Hutu suke yi. Yara suna son ganin daji."

Na fito ina juya maganar. Ni dai na san tafiyar fatauci, da ta ziyara, da ta gudun yunwa. Amma a ɗaure kaya, a wahalar da dabbobi, don kawai yara su kalli daji, ban taɓa ji ba.

Da suka iso sai na ga tsofaffin gardawa sun san mutumin. Ashe ya taɓa zama a Tanut yana ƙaramin hafsa, shekara takwas ko kusa da haka kafin nan, tun ban zo ba. Mai Lofe suke ce masa, domin ba ya rabuwa da lofen taba. Yana jin Hausa kaɗan. Matarsa, wadda muke kira Madam, siririya ce mai yawan tambaya. Babbar 'yarsu Lusi za ta yi shekara goma, ƙaninta Andire kuwa bai wuce biyar ba.

Ni aka bar wa zaɓen hanya. Na tambayi maharba, suka ce akwai garken raƙumin dawa kusa da wani tafki tsakanin Ollelewa da Belbeji, inda wani ɗan ƙauye yake nesa da hanyar ayari. Na ce can muka nufa. Muka tashi da gardi biyu, da kuku, da raƙuma masu ɗauke da tanti da ruwan sha.

Gaskiya tafiyar ta yi daɗi da farko. An gama girbi, dammunan gero jibge a gonaki, tafkuna ba su ƙafe ba. Yaran suka ga mata a kan takarkari suka ce su ma sai sun hau, aka ɗora su, suna ta ƙyalƙyala dariya. Suka sha takanɗa, suka ci magarya har Madam ta hana. Duk icen da muka wuce sai ta tambaye ni sunansa, ta maimaita, ta kasa, ta yi wa kanta dariya. Kafitan yana gaba a kan doki yana nuna musu wurare kamar mai nuna gonar ubansa.

Da hantsin ranar da nake ba ku labari muka ga abin da muka zo nema. Suna tsaye cikin bagaruwa suna tsinkar ganye daga sama, da ɗan ƙarami a tsakiyarsu. Andire ya buɗe baki ya kasa rufewa. Lusi ta kama hannuna tana raɗa mini, "Kada a harbe su." Na ce babu mai harbi. Muka daɗe muna kallo har suka juya suka tafi a hankali.

Da rana ta take muka sauka bakin tafkin, ƙarƙashin wani babban gawo. Mai gari ya zo da fura da ƙwai, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Yaran ƙauye suka taru daga nesa. Madam ta yarda 'ya'yanta su cire takalma su taka ruwa, ba a jima ba sai ga su sun cakuɗe da yaran gari, ana ta watsa wa juna ruwa, babu mai jin yaren wani.

Ina cikin juya gaisuwar mai gari sai muka ji Lusi tana ƙwala kira. "Mama! Papa! Ku zo ku gani!"

Na ɗauka maciji ne. Muka ruga. Muka same ta riƙe da hannun wani yaro ɗan shekara bakwai, fari sol, hularsa ta faɗa ruwa, gashinsa mai laushi ya kwanta a goshi. A Damargu farin yaro ba abin mamaki ba ne, Buzaye sun cika ƙasar. Amma ba fuskarsa take nunawa ba, ƙafarsa take nunawa.

Ta ce, "Dubi yatsunsa! Biyu a manne, irin na Andire, irin na Papa! Papa, ba ka ce a gidanmu kaɗai ake haihuwar irin wannan ba?"

Ta jawo ƙaninta ta jera ƙafafunsu a kan laka. Na duba. Yatsa na biyu da na uku a haɗe suke har kusa da farce, a ƙafar hagu, su duka biyun. Na ɗaga kai na dubi fuskar yaron, na dubi ta kafitan, sai na ga kamar an tsaga kara.

Madam ta juyo gare ni. "Tambayi mai gari, ɗan wane ne?"

Kafin in buɗe baki kafitan ya matso ya ce mini da Hausarsa, ƙasa-ƙasa, "Ka ce ɗan Buzu ne."

Na tambayi mai gari. Tsohon nan ya ce, "Malam Tafinta, ka rufa mana asiri. Ɗan Idi ne, manomi. Sunansa Mamman."

Ina tsaye tsakanin maganganu biyu ban san wadda zan ɗauka ba, sai ga wata mace ta keto cikin mutane da gudu, hannuwanta duk garin gero, ga alama daga bakin turmi ta taso. Ta fizge yaron ta mai da shi bayanta. Sai ta ɗaga ido ta ga kafitan. Ta tsaya cak. Shi ma lofensa ya suɓuce ya faɗi cikin laka.

Ta ce, da Faransanci, "Barka da rana, Gasto."

Wallahi da kunnena na ji. Macen ƙauye, da zane ɗaya a ƙirji, ta gai da kafitan da yarensu, ta kuma kira shi da sunan da tun fitowarmu ban ji kowa ya kira shi da shi ba sai Madam. Kuku ya saki butar shayi. Gardawa suka sunkuyar da kai. Babu sauran abin da tafinta zai ɓoye.

Daga baya na ji asalin labarin. Sunanta Hajaru. Ta zauna a gidansa a barikin Tanut, kamar yadda hafsoshi da yawa suke ajiye matan ƙasa a wancan zamani. Da aka ɗauke shi daga Tanut tana da ciki. Ta san cewa irin waɗannan yara akan karɓe su daga uwayensu a kai su wani gida a Damagaram, su tashi a hannun Nasara, uwa ba ta sake samunsu. Sai ta aika bariki cewa cikin ya zube, ta gudo wurin danginta a wannan ƙauye. Idi ya aure ta, ya riƙi yaron. Gari duka sun sani, babu wanda ya taɓa furtawa.

Madam ba ta yi ihu ba. Fuskarta ce ta yi fari kamar alli. Ta ce wa kuku ya kai yaranta tanti. Lusi tana tafiya tana waiwaye tana tambaya me ta yi.

Kafitan ya gyara tsayuwa ya koma hafsa. Ya ce mini, "Gaya musu akwai doka. Yaron zai bi mu Tanut, daga nan a kai shi lakwal, makarantar boko, a Damagaram. Don amfaninsa ne."

Na juya. Mata suka sa salati. Sai wani baƙin mutum gajere ya fito, da lauje a hannu, ya ajiye laujen a ƙasa ya durƙusa. Idi ne.

Ya ce, "Malam Tafinta, ka gaya masa ni na yanka ragon sunansa. Da ya yi ƙyanda ni na goye shi har Ollelewa wurin mai magani. Bana ya fara bi na gona. In laifi aka yi, ni a tafi da ni."

Na juya wannan duka. Kafitan bai ko dube shi ba.

Madam ta tako har gaban Hajaru. Suka tsaya suna kallon juna. Madam ta ce mini, "Tambaye ta me take so."

Hajaru ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Ka gaya mata na ga nata biyu. Ta zaɓi wanda za ta bar mini a nan, ni ma in sa shi makarantar allo don amfaninsa. Sannan ta tafi da nawa."

Mai gari ya kama bakinsa. Wani gardi ya taɓa ni ya ce, "Kada ka faɗi wannan." Ya yi gaskiya, magana irin wannan ta isa a ɗaure mace a kai ta bariki, ta isa kuma a kori tafintan da ya ɗauke ta. Na riga na shirya mai sanyi a bakina, cewa tana roƙon a ji tausayinta. Amma na dubi Madam, na ga ba matar kafitan ce ke tsaye a gabana ba, uwa ce da ta tura 'ya'yanta tanti yanzun nan don kada su ji. Na juya maganar yadda take, kalma da kalma.

Kafitan ya daka mini tsawa. Madam ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba. Idanunta suka ciko. Ta ce, "Gaya mata babu wanda zan bari, kuma babu wanda zan ɗauka." Sannan ta juya ga mijinta ta yi magana a hankali, amma duk mai jin Faransanci a wurin ya ji. Ta ce in yaron nan ya taka ƙafa ya bar ƙauyen nan, ita da kanta za ta je gaban manyansa a Damagaram ta ba da labarin tun daga farko, sannan ta kwashe 'ya'yanta.

Ba mu ci abincin rana ba. Aka naɗe tanti, muka juyo. Har muka iso Tanut ban ji miji da mata sun yi wa juna magana ba. Andire kaɗai ke ta surutun raƙumin dawa. Lusi ta matso kusa da ni a hanya ta ce, "Yaron nan ɗan'uwana ne?" Na ce ta tambayi mahaifiyarta. Ta ce, "Na tambaya, kuka ta yi."

Da kumandan ya tambayi dalilin saurin dawowarmu, kafitan ya ce rana ta yi wa yara yawa. Ni ba a tambaye ni ba. Ba a kore ni ba, amma an daɗe ba a sake ba ni rakiyar baƙi ba. Kafin damina na ji Madam ta koma Faransa da yaranta.

Kamar wata guda da dawowarmu rangadi ya bi da ni ta ƙauyen. Na yi ta murna a hanya zan gaya wa Idi da Hajaru su kwantar da hankali, magana ta mutu. Na tarar da gidansu babu kowa, rumbunsu cike da geron bana, ko dami ɗaya ba a taɓa ba. Mai gari ya ce washegarin tafiyarmu suka ɗora abin da jaki zai iya ɗauka suka yi arewa. Na ce ai Madam ta yi alkawari. Ya ce, "Malam Tafinta, Madam za ta tafi, bariki yana nan." Bai gaya mini inda suka nufa ba, ni ma ban tambaya ba, don kada wata rana a tambaye ni.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. Baƙon da kuka kai kallo zai koma gida da labarin raƙumin dawa, ku ma ku koma bariki a ce kun yi aiki. Mutanen da kuka sauka a ƙofarsu su ne ke zama da abin da ziyarar ta bari. Kafin ku zaɓi garin da za ku kai baƙo, ku aika tukuna a tambayi mutanensa ko suna son a zo. Mu yini ɗaya ba mu cika ba a bakin tafkin nan, amma Idi bai ci geron da ya noma a shekarar ba.