Tuwon da Aka Dafa da Leda

Kakata Inna Ladi mai rowar itace ce, haka muke tsokanarta a Zandam, garinmu da ke ƙasar Gwaram. Ana gama kwashe tuwo sai ta zare itacen murhu ta turbuɗe a ƙasa, ta bar mana garwashi kawai. Nan muke raɓewa bayan isha muna rawar ɗari, ni da Hajara, ƙanwar babana da ta ɗan girme ni. In na yi ƙorafi sai Inna ta ce, "Kai Sale, dajin naka ne kai kaɗai? Gobe ma wata za ta je nema. Matso, ga wata tatsuniya nan tafe gare ku."

Wai an yi wani mai dukiya da ba ya bari wutar gidansa ta mutu, dare da rana, don a hango hayaƙi a san ya isa. Kullum jakunansa na jigilar itace. Daji ya ga abin ya yi yawa, sai ya fara ja da baya. Mai dukiya ya ƙaro jakuna. Wata tsohuwa kuwa, da ƙafa take bin dajin, kullum tafiyar na ƙara tsawo, har ranar da ta fita ba ta dawo ba.

"Shi mai dukiyar fa, me ya same shi?" in ji ni.

"Ba komai," in ji Inna. "Ai shi ne abin kukan."

Haushin tatsuniyar nan nake ji a lokacin, don ban ga an hukunta kowa ba.

Yau ina da gidajen burodi biyu a Birnin Kudu, motoci ke kawo mini itace daga ƙasar Gwaram. An sha ba ni shawarar in gyara tanderun ya rage cin itace, ina cewa sai an kwana biyu.

Bara na je Zandam gaida Gwaggo Hajara. Na same ta durƙushe tana cusa leda da tsohon silifa a murhu, tari na neman shiƙe ta, idanunta jajur.

"Motocin birni sun share dajin har bakin rafi," ta ce. "Ƙafata ba ta kai ni inda ya rage. Ka yi haƙuri, Sale, tuwon zai ɗan yi wari."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Ashe hukuncin da na nema ina yaro, a kan wasu yake sauka. Na kasa gaya mata motocin wane ne. Na cinye tuwon tas, tana ta sa mini albarka wai ban raina abincinta ba.