Burkutu a tukunyar gas

Jama'a, yau saura ƙiris shagona na gas ya ƙone saboda wani marar hankali!

Da safe Maman Godiya, maƙwabciyata a Majidaɗi, ta kawo tukunya a cika mata. Na ɗora a sikeli, na ga nauyi ya yi yawa. Ina murɗa kan, sai fuuu! Burkutun dawa ya wanke min fuska da riga!

Na juya gindin tukunyar. An huda, an toshe da katako. Da na ɗura gas fa? Ga mai suya da wutarsa a gefena!

Sai ga mijinta ya diro daga keke yana haki: "Oga, kada ka buɗe! Ba ta gas ɗin ta ɗauko ba, tawa ce!"

Na ce, "Kashe mu za ka yi? Wallahi tukunyar nan ba ta barin shagona sai an yanka ta."

Maman Godiya ta shinshina rigata, ta juya ta kalle shi.

"Ashe kai ne ɓeran da ke cinye min dawa? Wata uku ina sa guba!"