Tukwane Masu Jan Ƙyalle

Shekara ashirin da uku ke nan Baba Mai Ban-ruwa yana jan ƙafa a ɗakin gilashi na wata cibiyar binciken tsirrai. Gwiwa ta gaji, baya ya ranƙwafa, butar ma ta sha faci har ta gode Allah. Abin alfaharinsa ɗaya ne, tsiro bai taɓa mutuwa a hannunsa ba.

Sai ga sabuwar Dakta da tata tsirfar. Ta ɗaura wa tukwane arba'in jan ƙyalle, ta ce kwana goma ko ɗigo kada su gani, sauran kuwa a ci gaba da ba su ruwa.

"Baba, cikin kowace ƙwayar halittar tsiro akwai wani zare a naɗe tam, shi ke ɗauke da umarnin girma. In ƙishi ya matsa, tsiron kan sassauta naɗin a wasu wurare, ya karanta abin da zai cece shi. So nake in ga ko zai tuna in ƙishin ya dawo."

Baba ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi, oh ni, yau azabtar da ganye ne ya zama aiki!

Kwana shida ya daure. Ran na bakwai ganyen ya langaɓe kamar kunnen akuya, wallahi sai ya kasa. Rabin kofi ya riƙa ba kowace tukunya da sassafe, kafin kowa ya iso. Haka ya yi a zagaye na biyu, haka a na uku.

Ranar da sakamako ya fito, ya tarar da Dakta zaune kan kifaffen bokiti, ido ya faɗa.

"Babu bambanci, Baba. Masu ƙishi da masu ruwa duk ɗaya. Ashe wata takwas shirme nake bi. Gobe zan ce a rufe aikin."

Baba ya tsaya da buta a hannu. In ya yi shiru aikinta ya mutu, in ya yi magana nasa.

Ya ajiye butar. "Ranki ya daɗe, ba su yi ƙishi ba. Ni na riƙa ba su."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana murza goshi, sannan ta ce, "Sai mu sake daga farko." Ta miƙo hannu, ya ciro makullin ɗakin ya ba ta.

Yanzu wankin tukwane yake yi a bayan gini. Kullum sai ya wuce ta jikin gilashin, ga layin jan ƙyalle a langaɓe, ga famfo taku uku. Sai ya kau da kai ya wuce.